Kwamfuta a Cikin Mota: Wadda Ke Jure Gargada da Wadda Ke Jin Jiki

   

Shirin yau zai shiga mota, amma ba zancen inji ko taya ba ne. Zancen kwamfuta ne, ta tafi-da-gidanka, wadda matasa ke ce wa laftof. Me ya sa wadda ke zaune a kan teburin ofis take shekara da shekaru garau, amma wadda ke yawo a mota take saurin tsufa? Su kuma masu kaurin nan, masu mariƙi a jiki, da ake cewa irin na sojoji ne, mene ne gaskiyar lamarinsu?

Da farko za a ji abin da hanya ke yi wa kwamfuta. Sai yadda ake ƙera mai jure wahala. Sannan tambarin da ake tallarta da shi, domin a nan ake yawan yi wa mai saye rufa-ido. Daga ƙarshe, abin da mai ƙaramin ƙarfi zai yi da wadda ke hannunsa. Ku gyara zama.

Kashi na farko, abin da hanya ke yi wa kwamfuta.

Ku tsaya a tashar Kawo ta nan Kaduna da sassafe ku ga yadda ake lodi. Ga ɗalibi zai tafi Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Jaka goye a baya, kwamfuta a ciki. Kwandasta ya ce wuri ya cika, a miƙo jaka a sa a but. Aka cusa ta tsakanin buhun masara da jarkar manja. Aka buga murfin but, ya ƙi kamawa, aka sake bugawa. Kwamfutar nan kuwa ba a kashe take ba, rufe ta kawai ya yi da ya gama karatun dare. Barci take yi, kuma mai barci tana iya farkawa a cikin jaka, ta kama aiki, ta ɗau zafi, ba wanda ya sani.

Abu biyu ke jiran ta a hanya. Ku riƙe sunayensu, domin za su yi ta dawowa: bugu da jijjiga.

Bugu kowa ya san shi. Mota ta faɗa rami. Direba ya hau tudun rage gudu bai gani ba. An taka birki da ƙarfi, kwamfuta ta zamo daga kujera ta daki ƙasa. Lokaci guda ne, da ƙarfi, kuma mai kaya yakan ji a jikinsa.

Jijjiga ita ce mugu, don ba ta da ƙara. Ƙaramar karkarwa ce da ke fitowa daga inji da taya da fuskar hanya, kuma ba ta tsayawa sai an kashe mota. Duk direban da ke bin hanyar Birnin Gwari daga Mando ya san noti na kwancewa da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Abin da ke faruwa cikin kwamfuta ke nan. Ƙananan kusoshinta su saki. Siraran wayoyin da ke haɗa gilashi da madannai su zame daga mazauninsu. Dalmar da aka liƙe sassa da ita ta fara tsagewa, tsagar da ido ba ya gani. Bayan watanni sai a ji mai ita na ƙorafi: gilashi na ƙyaftawa, caja ba ta kamawa sai an karkata ta, kwamfuta na mutuwa haka kawai. Ya rantse bai taɓa yar da ita ba, kuma gaskiyarsa. Bai yar ba. Hanya ce ta ci ta a hankali.

Yanzu ga wurin da ya fi rauni. Yawancin tsofaffin kwamfutoci, har da na hannu da suka cika shagunan titin Ahmadu Bello, suna ajiye bayanai a faifai mai juyawa. A takardar kwamfuta za ku ga an rubuta HDD. Dattawa za su tuna garmaho, faifai na juyawa, allura na bi. To kusan haka yake, sai dai bambanci ɗaya babba: allurar kwamfuta ba ta taɓa faifan. Shawagi take yi a samansa, a kan iskar da juyawar ke tayarwa. Faifan na juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Wasu ma 7,200 suke yi. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai kuwa ta fi silin gashi siranta sau dubbai.

To, a cikin wannan hali mota ta faɗa rami. Allura ta daki faifai, ta kankare fuskarsa. A wannan fuskar aikin ɗalibi yake, da lissafin shago, da hotunan biki. Wani lokaci sai a ji kwamfuta na ƙas-ƙas-ƙas. In kun ji wannan ƙara, ku kashe ta nan take ku kai wa mai gyara. Ci gaba da kunna ta ƙara ɓarna ne.

Kamfanoni sun san da wannan matsala. A 2003 kamfanin IBM ya sa wa kwamfutocinsa na ThinkPad wata 'yar na'ura mai jin motsi, da ta ji kwamfuta na faɗuwa sai ta janye allura gefe. Apple ya yi irin haka a 2005. Dabara ce mai kyau ga faɗuwa. Jijjigar awa uku a kan hanyar burji kuwa, ta fi ƙarfinta.

Sauran abokan gaba a taƙaice. Zafi: a watan Maris da Afrilu zafin Kaduna yakan kai digiri 35 ko ya zarce, cikin motar da aka kulle a rana kuma yakan haura 50. Kamfanoni da yawa digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin da kwamfutarsu za ta yi aiki a ciki. Batir ne ke fara shan wahala, har ya kumbura ya ɗaga madannai. Ƙura: fankar kwamfuta iska take zuƙa, da hunturu kuwa ƙura take zuƙa, ta toshe hanyar fitar zafi. Sai wutar mota, wadda za a dawo kanta nan gaba.

Kashi na biyu, yadda ake ƙera mai jure wahala.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1982 wani kamfani a Amurka ya fitar da kwamfuta mai suna GRiD Compass. Jikinta na magniziyam ne, wani ƙarfe mara nauyi amma mai tauri, kuma ma'ajiyarta ba ta da abin da ke juyawa. Kuɗinta ya haura dala 8,000 a wancan zamani, don haka gwamnati ce babbar mai saye. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta riƙa tafiya da ita cikin kumbo. A 1989 aka kafa kamfanin Getac a Taiwan don ƙera kwamfutocin aikin soja. A 1996 Panasonic na Japan ya fito da Toughbook, wadda yau ta fi kowace suna a wannan fage. Dell ma yana da nasa. Motocin 'yan sanda da na ɗaukar marasa lafiya a Amurka da Turai cike suke da irinsu.

Me ke cikinta? Ku ɗauke ta, abu na farko da za ku ji shi ne nauyi. Cikakkiyar mai jure wahala takan wuce kilo 3. Jiki na magniziyam, kusurwoyi naɗe da roba mai kauri, domin da kusurwa kwamfuta ta fi faɗuwa. Ma'ajiyar bayanai tana kwance cikin ɗan akwati mai laushi a ciki, yadda bugu zai mutu kafin ya iso ta. Kowane ramin jona waya yana da ƙyaurensa, da roba a baki, ƙura ba ta samun hanya. In shayi ya zube a madannai, ba ya kaiwa ga inji. Gilashinta ya ninka na kwamfutar ofis haske sau uku ko huɗu, don a iya karatu da tsakar rana a fili. Mafi ƙarfinsu an ƙera su ne su yi aiki ko da zafi ya kai kusan digiri 60.

Akwai kuma ta tsaka-tsaki, wadda ta fi ta ofis ƙarfi amma ba ta kai waccan ba. Ta fi sauƙin nauyi, ta fi sauƙin kuɗi. Tana jure jijjiga da ƙaramar faɗuwa, amma ba a barin ta a ruwan sama.

Abu guda da mai sayarwa ba zai yi saurin faɗa ba: mai jure wahala ba ta fi sauran gudu ba. Sabuwa cikakkiya tana iya haura dala 4,000, alhali da rabin wannan kuɗi ana samun ta ofis da ta fi ta sauri. Kuɗin jiki ake biya, ba na ƙwaƙwalwa ba.

Su wa ke buƙatar ta a nan Kaduna? Ku leƙa garejin kanikawa a Mando ko Kawo ko Panteka. Mota ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, sai ogan gareji ya ce, "Alhaji, sai an sa mata kwamfuta." Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wani soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta biyo baya, kuma yawancin motocin hannu da ke shigowa ƙasar nan daga can suke. A wannan soket ake jona waya, mota ta faɗi ciwonta. Ku dubi inda kwamfutar ke zama: a kan kujera, inji na aiki. A kan bonet, rana na duka. Hannun da ya taɓa baƙin mai shi ke danna ta. Wani lokaci kuma sai an fita gwaji, yaron shago na riƙe da ita a cinya, oga na tuƙi. Irin wannan aiki da ita ya dace. Haka masu awon filaye da hanyoyi, da masu gyaran turakun sadarwa a ƙauyuka, da ma'aikatan lafiya da ke fita karkara da mota.

Kashi na uku, tambarin da ake talla da shi. A nan ku kasa kunne sosai.

Kaduna gari ne na soja. Ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA tun 1964, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga sansanin sojan sama a Mando. A irin wannan gari, da an ce kaya na soja ne, ciniki ya faɗa. Mai shago zai nuna muku wasu haruffa da lamba a jikin kwali: MIL-STD-810. Mene ne wannan?

Littafin gwaje-gwaje ne na ma'aikatar tsaron Amurka. An fara fitar da shi a 1962, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Bugun da ke da harafin G a ƙarshe na 2008 ne, mai H kuma na 2019. A ciki an bayyana yadda za a gwada kaya da zafi, da sanyi, da ƙura, da ruwa, da sauransu. Gwaji mai lamba 514 na jijjiga ne. Mai lamba 516 na bugu ne. A sake ji: 514 jijjiga, 516 bugu.

A gwajin jijjiga, ɗaure kwamfuta ake yi a kan tebur mai karkarwa, a girgiza ta sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. A ɗaya daga cikin nau'o'in gwajin, awa ɗaya a kan tebur daidai take da tafiyar mil 1,000 a babbar mota, wato kimanin kilomita 1,600. Amma fa a kan manyan titunan Amurka aka yi awon. Akwai wani nau'in mai tsanani, na mota a kan muguwar hanya. Wanda aikinsa ke cikin dajin Giwa ko Kajuru da damina, wannan na biyun ya shafe shi.

A gwajin faɗuwa kuma, sakin ta ake yi daga tsayin ƙafa 4, sau 26: fuska 6, gefe 12, kusurwa 8. Abin burgewa. Sai dai ƙa'idar ta yarda a raba faɗuwar nan tsakanin kwamfutoci har 5.

Ga babbar maganar. Babu wata hukumar soja da ke ba wa kayan kasuwa takardar shaidar cin wannan gwaji. Kamfani ne ke zaɓar gwajin da zai yi, da tsananin da zai yi shi. Manyan kamfanoni sukan kai wa ɗakin gwaji mai zaman kansa, su wallafa sakamako dalla-dalla. Wasu kuwa gwaji biyu ko uku masu sauƙi za su yi, su buga tambari. Don haka tambarin shi kaɗai bai ce komai ba. A sake ji, tambarin shi kaɗai bai ce komai ba. Ku tambaya: wane gwaji aka yi? Daga wane tsayi aka sake ta? A kunne take lokacin da ake girgiza ta, ko a kashe? In mai shago bai sani ba, ku rubuta lambar samfurin ku duba a intanet.

Akwai tambari na biyu, kuma ya fi wancan fayyace magana. Haruffa I da P ne, sai lamba biyu. Lambar farko ta ƙura ce, iyakarta 6. Ta biyu ta ruwa ce. In kun ga IP65, ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure feshin ruwa. In kun ga IP53, ƙura kaɗan na iya shiga, ruwa kuma yayyafi kawai za ta iya da shi. A ƙasar hunturu, lambar farko ce abin dubawa.

Mai sayen ta hannu, ga naka. Tsofaffin Toughbook irin su CF-19 da CF-31 suna yawo a kasuwa da araha, kanikawa na son su. Ka duba robar ƙyamaren, in ta bushe ko ƙyaure ya ɓalle, kariyar ƙura ta tafi. Ka gwada batir. Ka sa a buɗe maka shafin saitin farko, wanda ake kira BIOS, domin a nan Toughbook ke nuna awannin da ta yi tana aiki, kuma ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Sannan ka sani, Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, kuma waɗannan tsofaffi ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Don duba mota a gareji, ba laifi. Don harkar banki a intanet, a yi hattara.

Kashi na huɗu, kuma na ƙarshe, mai ƙaramin ƙarfi.

Gaskiya ita ce yawancin masu sauraro ba sa buƙatar kwamfutar dala dubbai. Ɗalibar jami'ar KASU da ke hawa Keke daga Malali, ko ma'aikacin da ke bin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, ɗaukar kwamfuta suke yi, ba aiki suke da ita cikin gargada ba. Abin da suke buƙata shi ne kyakkyawan ɗauri. A rajistar masu zaɓe ta 2011, lokacin Farfesa Attahiru Jega, hukumar zaɓe ta INEC ta yi odar na'urori 132,000. Kowace kwamfutar tafi-da-gidanka ce haɗe da kyamara, da abin ɗaukar zanen yatsa, da na'urar buga kati, da batir, cikin abin ɗaukarta. Haka aka rarraba su lungu-lungu a ƙasar nan, masu yi wa ƙasa hidima suka yi aiki da su. Ana iya kai kwamfuta ko'ina in an shirya mata tafiya.

Babban gyaran da ya fi kowane riba shi ne a cire faifai mai juyawa a sa SSD. Ita SSD ma'ajiya ce da babu abin da ke motsi a cikinta. Babu faifai, babu allura. Rami ba ya kankare ta. Ga shi kuma kwamfuta za ta ƙara sauri. Mai gyara zai yi wannan aiki ya kwafe bayanai a yini ɗaya. In kuɗin abu ɗaya kawai kuke da shi, to SSD. A sake ji, SSD.

Sannan a kashe ta gaba ɗaya kafin tafiya, ba rufewa kawai ba. A sa ta a jaka mai soso, caja a wani aljihu daban, don kan caja na fasa gilashi in an danne. Jakar ta zauna a cinya ko a kujera. Kada ta zauna a daɓen mota, nan ne jijjiga ta fi ƙarfi. Kada ta shiga but. Kada a bar ta a mota a rana, ko da sallah kawai za a shiga a fito. Ban da zafi, akwai ɓarayi masu fasa gilashin mota.

Sai wutar mota da aka yi alkawari. Ƙaramar mota bolt 12 take bayarwa, manyan motoci da yawa 24. Amma wutar ba tsayayya ba ce. In ana tayar da inji takan faɗi, in kan batir ya yi sako-sako takan yi tsalle. Ku cire caja kafin a murza makulli, ku jona bayan inji ya tashi. Ku nemi cajar mota ta ƙwarai da ta dace da kwamfutarku. 'Yar inbata mai araha da ake sayarwa a bakin titi ta sha ƙona kayan mutane.

Wanda kuma dole kwamfuta ta zauna a buɗe cikin motar aiki, to mazauninta rabin aikin ne. A ƙasashen waje kamfanoni irin su Havis da Gamber-Johnson sana'arsu ke nan, ƙera mazauni mai kulle da ake ɗaurewa a jikin mota. Masu walda na Panteka za su iya ƙera irinsa, hannunsu ba daga baya ba. Amma a gaya musu abu biyu. A sa roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin tebur da aka yi wa walda tsantsa duk jijjigar mota yake kwasowa ya miƙa wa kwamfuta. Kuma kada a kafa shi gaban jakar iskar da ke fitowa in an yi haɗari, don za ta wurgo kwamfutar a fuskar mutum. Direba kuwa, hannunka a sitiyari, idonka a hanya. In akwai abin dubawa, ka gangara gefe ka tsaya. Ba don tsoron 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya ko jami'an kiyaye haɗurra ba, don ranka da na fasinja.

Magana ta ƙarshe. Mai jure wahala ma ana sace ta, kuma SSD ma tana mutuwa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba. Kafin ku kwanta yau, ku kwafi abin da ba ku son rasawa. Ku sa kwafi ɗaya a filashi ku bar shi a gida, ɗaya kuma ku tura a intanet in da hali. Iyaye, ku tambayi ɗalibanku ko sun yi. Oga, ka tambayi yaran shago.

Nan shirin ya kawo ƙarshe.